Bahagon da Na Yi Wata Uku Ina Nema

Shekarun baya, lokacin ina shekara ta biyu a digirina na uku a Manchester, aka ɗora mini wani aiki da ko a mafarki ban taɓa hango kaina a cikinsa ba. Wai ni zan tsara jerin masu jifa na ƙungiyarmu ta besbol. Ni da na taso a Kano, iyakar abin da na taɓa jifa a rayuwata shi ne mangwaron makwabta, shi ma sau da yawa kwanon rufinsu nake samu.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san wasan ba, don ni ma sai da na zo ƙasar nan na san akwai shi. Mutum ɗaya ne yake tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga wata ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, zuwa ga ɗan ƙungiyarsu da ya tsuguna sanye da ƙatuwar safar hannu ta fata. A tsakaninsu akwai ɗan ɗaya ƙungiyar riƙe da gora, yana jira ya make ta. In mai jifa ya iya, mai bugu sai ya yi ta dukan iska har a sallame shi. In bai iya ba, ranar kowa zai sha gudu. Jifan kuma yana cin kafaɗa, wanda ya fara wasa yau ba zai iya fara na gaba ba, shi ya sa kowace ƙungiya take da mutane uku ko huɗu ko biyar da suke karɓa-karɓa. Wannan jerin shi suke kira rotation, kuma a lokacin sanyi, da babu wasa, ake zama a tsara shi.

Tamu ba wata shahararriyar ƙungiya ba ce. Mutane ne masu aikin yi, da ɗalibai, ana haɗuwa ranar Lahadi a wani fili da ke bayan wata makaranta. Amma in ka ga yadda muke ɗaukar abin, sai ka rantse albashi ake biyanmu.

Abokina ne ya shigar da ni. Ya girme ni da shekara bakwai, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Dakta tun kafin in rubuta ko shafi ɗaya na abin da zai sa in zama daktan. Iyayensa Hausawan zangon Kumasi ne, sun kawo shi Birmingham yana ɗan shekara goma sha uku, ya girma ya zama makanikin bas-bas a Manchester. A masallaci muka haɗu satin da na sauka, ɗakin da aka yi mini alkawari ya suɓuce, ina tsaye da akwati biyu ban san inda zan nufa ba. Ya ji ina waya da Hausa, ya tambaye ni ɗan ina ne, ya ɗauki akwati ɗaya ya ce in biyo shi. Sati shida na yi a falonsa a Old Trafford. Shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, shi ya raka ni na yi rajista da GP, wato likitan unguwa, shi ya koya mini cewa in Bature ya ce maka abu yana da ban sha'awa, to ka sake duba abin.

A lokacin aurensa bai daɗe da mutuwa ba. Bai taɓa zama ya ba ni labarin ba, ni ma ban tambaya ba, amma wata rana muna wanke kwanuka ya ce mini, "Dakta, ranakun aiki ba su da matsala. Lahadi ce take da tsawo." Besbol ce ta cike masa Lahadin. Shekara shida yana cikin masu jifa. Tun daren Asabar yake goge safar hannunsa da mai, ya ajiye ta a kan tebur kusa da makullin mota.

Ni dai da ya kai ni fili, an gwada ni a bugu, an gwada ni a cafewa, sai kociyanmu ya dube ni da tausayi ya miƙo mini littafi da biro. Tunda lissafi nake karanta, na zama mai rubuta sakamako. Na riƙe aikin da hannu biyu. Duk jifan da aka yi sai na rubuta, in koma gida in zuba a kwamfuta, in fitar da zane-zane masu launi da ba wanda yake dubawa sai kociyan.

A shekarar muka yi ƙoƙari aka ɗaga mu zuwa rukuni na sama. Murna ba ta gama sauka ba kociyan ya kira ni gidansa. Wani dattijo ne ɗan Amurka da aure ya zaunar a Ingila, kuma a watan za a yi masa aikin gwiwa. Ya ce a sabon rukunin wasa biyu ake yi kowace Lahadi, don haka mutum huɗu muke buƙata, biyu wannan satin, biyu sati mai zuwa. Uku babu gardama a kansu: wani ɗalibi ɗan Japan, wani kuku ɗan Venezuela, da wani ɗan Pakistan da ya baro kurket ya dawo wajenmu. Saura gurbi na huɗu, wanda na abokina ne.

Kociyan ya juyo da kwamfutata ya nuna mini zanen da ni na yi da hannuna. Da na haɗa da tsofaffin littattafan ƙungiya, layin abokina yana gangarowa ƙasa shekara uku a jere. Jifansa ya rage gudu, kafaɗarsa ta dama ta gaji, kowa ya san yana shan maganin ciwo kafin wasa. Ya ce, "A can sama za su cinye shi ɗanye. Na huɗu bahago nake so. Ka nemo mini lefty kafin ƙarshen Janairu, sannan ka faɗa wa mutuminka. Yarenku ɗaya, zai fi jin daɗin ji daga bakinka."

Na fito daga gidan na kama hanya. Ban san inda dattijon ya samo cewa mugun labari ya fi daɗin ji da Hausa ba.

Abin da ya sa ake rububin bahago a wasan nan shi ne, yawancin masu bugu sun saba da ƙwallon da take fitowa daga hannun dama. In ta fito ta ɗaya gefen sai lissafinsu ya rikice, ko da ba ta da gudu sosai. Bahago mai matsakaicin jifa ya fi na dama mai matsakaicin jifa daraja nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce a Ingila masu besbol ɗin ma nawa ne, balle bahagwai a cikinsu.

Haka na shiga nema. Na manna takardu a jami'a, na bi wuraren atisayen kurket, na zama mutumin da yake zura wa hannun mutane ido a kantin shayi. In na ga wani yana sa hannu a takarda da hagu sai in matsa kusa in yi masa murmushi, har wata mata ta taɓa janye jakarta. Ranar Asabar da safe muna hayar zauren motsa jiki na wata makaranta, a nan nake gwada waɗanda na samo. Na farko ya fasa fitilar sama da jifansa na biyu. Na biyu ya iya ƙwarai, har na fara godiya ga Allah, sai ya ce ai aiki zai mayar da shi Scotland a watan Maris. Na uku da ya ji wasa ɗaya yana cin awa uku, ya ce shi yana da iyali.

Gaskiyar magana, duk wanda ya faɗi gwajin sai in ji wani daɗi a ɓoye. A tunanina in ban samo bahago ba, abokina ya tsira. Duk tsawon watannin nan kuma yana zuwa zauren, shi yake tsugunawa ya cafe wa waɗanda ake gwadawa. Yakan ce, "Dakta, wannan lefty ɗin da kake ta nema, reserve ne, na ko-ta-kwana, ko?" Ni kuma in ce, "E, Yaya, saboda tsaro." Sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da tattara ƙwallaye.

A satin ƙarshe na Janairu kociyan ya kira ni daga gadon jinya ya rushe mini lissafin. Ya ce in babu bahago, akwai wani matashi mai jifa da dama, ɗan shekara ashirin, ƙwallonsa kamar harsashi, shi za a ba gurbin. Ko ta wace hanya dai abokina ya fita. Ranar Litinin za a saka jerin a guruf ɗin ƙungiya. Ya ce, "Kada ka bari ya gani a waya."

Abokina kuwa a lokacin sanyi, da an tashi daga zauren ranar Asabar sai ya wuce Birmingham wajen mahaifiyarsa. Na kira shi na ce ina so in zo in gaishe da Hajiya, na kwana biyu ban ci waken shinkafarta ba. Ya ce, "To, sai ka zo."

A jirgin ƙasa na haddace jimlar da zan faɗa. Na gyara ta ya fi sau ashirin. Na sa "ba ni ba ne," na cire, don ni ne na yi zanen. Na sa "ka huta bana," na cire, don ƙarya ce. Daga ƙarshe na tsaya a kan wata mai farawa da "Yaya, ka san ba ni da wanda ya fi ka a ƙasar nan." Ina maimaita ta ina jin kunyar kaina. Mutumin da ya ba ni falonsa, yau ni ne zan je har gidan uwarsa in ci abinci, in ƙwace masa Lahadinsa.

Hajiya tana zaune a Sparkhill, a hawa na uku, saman wani shagon atamfofi a Stratford Road. Ƙararrawar ƙofar ƙasa ta daɗe da lalacewa, mai gidan kullum sai ya ce sati mai zuwa, don haka makulli ɗaya take da shi da ta ɗaure a cikin tsohuwar safar ƙafa. In baƙo ya zo sai ta leƙo ta taga ta sako masa. Ranar abokina ne ya taro ni a tashar bas, makullin yana aljihunsa.

Hajiya ta karɓe ni kamar kullum, da faɗa. Na rame, ba na kira, yaushe zan yi aure. Ta cika mini faranti da waken shinkafa irin nasu na Gana, da yajin shito, da dafaffen ƙwai, da wata taliya a gefe. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Sau uku ina buɗe baki in ce "Yaya," ya ɗago ya ce "Na'am," sai in ce ya miƙo mini ruwa. Na sha ruwa a gidan nan har Hajiya ta tambaye ni ko GP ya duba ni ciwon suga.

Muka yi la'asar, lokacin jirgina ya matso, ban faɗa ba. Na ce a raina a hanyar tasha zan faɗa, in ya so ko mari ne in sha a titi. Hajiya ta ɗura mini abinci a wata ƙatuwar kula ta ce in tafi da shi. Abokina ya karɓi kular ya riƙe a hannun dama, ya shiga ɗaki ya fito da wata baƙar leda ya matse ta a hammatarsa ta dama. Na ɗauka ƙarin tsaraba ce.

Mun sauko, mun ja ƙofa, mun yi taku kamar goma, sai muka ji muryar Hajiya daga sama. "Kai! Ka tafi mini da makulli!"

Ta ɗan tura tagar, irin tagar nan da ba ta buɗewa sai kamar faɗin tafin hannu. Ana iska, yayyafi yana sauka. Na juya zan ce ya kawo in hau in kai mata. Kafin in yi magana ya zura hannun hagu a aljihu, ya ciro safar, ko tsayawa saiti bai yi ba, ya wurga. Safar ta tashi, ta ɗan lanƙwasa a iska, ta shige ta wannan 'yar kafar, hawa uku, ba ta taɓa ko gilashin ba.

Hajiya ta leƙo da makullin a hannunta tana faɗa, duk titi yana ji. "Da hagu? Ni za ka jefo wa abu da hagu? Har yanzu ba ka daina ba ke nan!"

Abokina ya sunkuyar da kai kamar ɗan firamare. "Yi haƙuri, Mma, hannuna da kaya."

Ni kuwa ina tsaye baki buɗe, ruwa yana shiga. Wata uku ina kallon jifan mutane, ban taɓa ganin hannu ya tafi a sake haka ba. Na ce, "Yaya, me na gani yanzu?"

Ya ce, "Makulli. Mu tafi, za ka rasa train."

Na ce, "Wallahi ko jirgin sama ne ya tafi. Mu koma."

Hajiya ta sake sako makullin, muka hau. Abokina ya ajiye kular, ya cusa baƙar ledar a bayan kujera. Na durƙusa gaban Hajiya na tambaye ta abin da take nufi da bai daina ba.

Ta ce, "Au, ba ka sani ba? Ai wannan bahago ne. Da hagu ya fara karɓar komai tun yana rarrafe. Mun sha fama." Ta ba ni labari tana dariya, yadda marigayi mahaifinsa, wanda tela ne, ya ɗinka masa wata riga da hannun hagu a rufe, sai an gama cin abinci a cire masa. Yadda malaminsu na allo yake ɗora masa bulala a yatsu in ya ɗauki alƙalami da hagu. Yadda ita kanta ludayinta ya san bayan hannun nan. Ta ce kafin ya kai shekara bakwai ya miƙe, ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Sai dai ta sha jin ƙara daga makwabta cewa babu mangwaron da yake tsira a unguwar, kuma ta san da wane hannu ake ɓarnar.

Na juya wajensa. "Yaya, shekara shida kana jifa da dama. Wata uku kana tsugune kana cafe wa mutanen da suke fasa fitila. Ba ka taɓa tunanin ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "In faɗa maka me? Ranar farko da na je fili aka miƙo mini ƙwallo, na karɓa da dama, don haka aka koya mini karɓa. Aka ba ni glove, safar hannu ta masu dama. Shi ke nan. Ni ban taɓa yin abu da hagu a gaban mutane ba, Dakta. In na yi sai in ji kamar Baba yana kallona."

Hajiya ta tambayi abin da muke ta magana a kai. Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce a wasan da ɗanta yake yi, bahago shi ne abin nema, tun watan Nuwamba nake yawo Manchester ina neman guda ɗaya ban samu ba. Ban ce mata gurbinsa yana rawa ba. Ban iya ba.

Ta ce, "Tsaya. Neman bahago ake yi? A yi me da shi?"

Na ce, "A sa shi a tsakiyar fili, Hajiya, kowa ya zuba masa ido."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta daɗe tana kallon hannun ɗanta da yake ajiye a kan gwiwarsa. Sannan ta miƙa hannuwanta biyu ta kama shi, ta juya shi, ta shafa bayansa da babban yatsa, daidai inda ludayin yake sauka. Ta ce, "Ikon Allah. Mu dai abin da muka tarar muka yi. Allah ya yafe mana." Abokina ya kawar da kai yana kallon bango. Ni ma na samu abin kallo a jikin labule.

Da ta sake magana, muryar faɗanta ta dawo. Ta ce masa, "Ka ji ni da kyau. Ci da dama. Ka ba mutum abu da dama, ka karɓa da dama. Wannan babu canji har ka mutu. Amma jifa, ubanka bai taɓa hana ka jifa ba, mangwaron mutane ya hana ka. Je ka jefa da wanda Allah ya ba ka."

Daga matakalar gidan na kira kociyan. Na ce na samo bahago. Ya ce wane ne. Da na faɗa masa sai ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na roƙe shi sati bakwai. Ya ce makulli daban, ƙwallo daban, kuma mutum ɗan shekara talatin da biyar ba ya sake hannu kamar riga. Na ce ba sakewa zai yi ba, komawa zai yi. Daga ƙarshe ya ce zai saka sunaye uku ranar Litinin, ya bar na huɗu a buɗe zuwa tsakiyar Maris. In abin bai yi ba, matashin nan ne, kuma ba zai sake saurarona ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Satin farko abin tausayi ne. Hannun ya san hanya, amma ƙafafun shekara shida suna taka rawar dama, sai ya ɗaga wadda bai kamata ba ya kusa kifawa. Ƙwallo ta bugi bishiya, ta bugi shinge, ta bugi ƙaurina har sau biyu, don ni ne na koma mai cafewa a wani ɗan fili kusa da gidansa, kullum bayan ya taso aiki kafin magariba. Safar hannu ta bahagwai ma sai da muka yi sati biyu kafin mu samu wata tsohuwa a wajen wani a Liverpool. Kukun nan ɗan Venezuela ya ji labari ya fara zuwa yana gyara masa tsayuwa, yana zaginsa da yarensu cikin ƙauna.

A sati na huɗu na fara karaya. Na koma gida da kumburarren yatsa, na zauna ina tunanin ko dai na ƙara masa wahala ne kawai, na ɗaga masa rai, a ƙarshe in zo in faɗi waccan jimlar dai. Amma a sati na biyar wani abu ya zauna. Ya daina tunani kafin ya jefa. Ƙwallon ba ta da gudun a zo a gani, sai dai tana zuwa kamar za ta wuce ta gefe, in ta kusa sai ta karyo ciki, irin lanƙwasar da na gani a Stratford Road. Kuma da aka gama bai nemi maganin ciwo ba.

Ranar gwaji kociyan ya zo zauren da sandunan dogarawa, aka ajiye masa kujera a bayan raga. Ya sa manyan masu bugunmu uku su tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ni ina gefe da littafina. Na farko ya daki iska sau uku ya fita yana duban gorarsa. Na biyu ya samu ƙwallon, amma ta gangara a ƙasa ba ƙarfi. Na uku ya make ta da kyau har ta bugi bangon ƙarshe. Abokina bai ko juya ya kalle ta ba, ya karɓi wata, ya sake jefa masa, mutumin ya juya a banza har hularsa ta faɗi.

Kociyan ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ɗaga yatsu huɗu ya ce, "Four." Ya nuna ni da sanda ya ce in rubuta.

Na rubuta sunan. Na fita waje na jingina da bango na sauke wata ajiyar zuciya da nake jin tun watan Nuwamba take maƙale a ƙirjina. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba, ko ranar da na kare digirina.

Wasansa na farko a watan Afrilu Hajiya ta hau bas tun daga Birmingham da kuloli biyu. Ba ta fahimci komai a wasan ba, duk wanda ya buga ƙwallo tafa masa take yi, har 'yan ɗaya ƙungiyar. Abokina ya yi jifa zagaye huɗu, aka ci mu da ɗan ƙaramin bambanci, ba wanda ya damu. Da aka tashi ya cire safar, ya bi layi yana gaisawa da kowa da hannun dama, Hajiya tana daga gefe tana lura.

A wajen ajiye motoci ya buɗe but ya ciro wata baƙar leda ya miƙo mini. Na gane ta. Na buɗe, sai ga tsohuwar safar hannunsa, wadda yake gogewa da mai duk daren Asabar.

Ya ce, "Tun ranar nan na so in ba ka. A station na yi niyya, in ce ka kai wa yaron da za a ba wurina."

Na ce, "Wace rana?"

Ya ce, "Haba Dakta. Wa yake hawa train daga Manchester a Janairu don waken shinkafa? Tun Nuwamba na sani. Na ga kana ta shan ruwa kamar raƙumi, na ce bari in sauƙaƙa maka, kada yaron nan ya mutu a gidan Mma."

Ashe duk lokacin da nake jin tausayinsa, shi tausayina yake ji.

Ya yi shekara uku yana jifa da hagu kafin ya koma koyar da sababbi. Ni kuma na gama karatu, na samu aiki, har yau lissafi nake ci da shi. Ban daina yarda da lissafi ba, zanen nan nawa bai yi ƙarya ba, kafaɗar dama ta gama aiki. Amma na rubuta kowane jifa da mutumin nan ya yi, na kwana sati shida a falonsa, ban taɓa tambayarsa yadda ya taso ba. Abin da na sani game da shi, abin da aka bar shi ya nuna ne kawai. Yanzu in na zauna da mutum nakan ɗan ƙara tambaya, ko da za a ce na cika surutu.

Safar tana nan a kan kantar littattafaina, nakan shafa mata mai lokaci-lokaci duk da ba abin da nake cafewa. Kwanaki da ya kawo mini ziyara ya gan ta, ya tambaye ni wai me na shirya faɗa masa ranar da na je gidan Hajiya. Na ce ai na manta. Ban manta ba, har yanzu zan iya karanto ta daga farko har ƙarshe. Rabinta na farko, cewa ba ni da wanda ya fi shi a ƙasar nan, shi ne kawai gaskiyar da ta rage, shi kuma ya riga ya sani.